Zaɓen makirufo don yi wa kwamfuta shiftar bayanan marasa lafiya a asibitocin Legas

Likitan da ke ganin marasa lafiya a Agege ko Idi-Araba yakan yi magana da mai jinya da Hausa, ya amsa wa nas da Turancin buroka, sannan ya juya ga kwamfuta ya shigar da bayani da Turancin likitanci. Manhajar da ke mayar da magana rubutu tana rage masa wannan aiki na ƙarshe, amma ba ta jin komai sai abin da makirufo ya miƙa mata. Idan sautin ya iso mata a gurɓace, a gurɓace za ta rubuta shi. Kuskure a fayil ɗin marar lafiya kuwa yana iya kaiwa ga rai. Tsakanin "fifteen" da "fifty" a awon magani, ko tsakanin "hypotension" da "hypertension", 'yan sautuka ne ƙalilan, kuma su ne sautukan da makirufo marar kyau ko wanda aka ajiye nesa yake fara haɗiyewa.

Abin da ke yanke hukunci a wannan zaɓe shi ne tazarar makirufo da bakin mai magana, da irin hayaniyar ɗakin da za a yi aikin. Tsada da sunan kamfani suna biyo baya ne.

A fara da auna ɗaki

Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). A lissafa: makirufon da ke santimita 3 daga baki, idan aka kwatanta shi da na jikin laftof da ke wajen santimita 48, an ninka tazarar sau huɗu ke nan, wato an yi asarar kusan desibel 24 na murya. Ƙarar janareta da ta fanka kuwa tana nan yadda take, ba ta ragu da komai ba. Shi ya sa makirufo mai matsakaicin kuɗi da ke dab da baki yake kayar da mai tsada da ke can ƙarshen tebur. Kamar raɗa ce a tsakiyar kasuwar Mile 12: wanda ya sa baki a kunnenka za ka ji shi sarai, wanda ke ƙwala kira daga layi na uku ba za ka gane abin da yake faɗa ba.

Hayaniyar asibitocin Legas ba iri ɗaya ba ce, kuma ba duka suke cutar da manhaja daidai ba. Akwai mai ɗorewa a murya ɗaya, irin ta janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ita ce mafi sauƙi, domin na'urorin tace sauti suna iya gane ta su rage. Akwai ta bazata, irin hon ɗin danfo, bugun ƙofa, ko keken tura marasa lafiya a kan tayil, wadda takan lalata kalma ɗaya ko biyu ta wuce. Akwai ruwan sama a kan kwano, wanda daga watan Afrilu zuwa Yuli yakan iya rufe murya gaba ɗaya a ginin da ba shi da silin mai kauri. Mafi muni duka ita ce muryar mutane: 'yan rakiya a baranda, talabijin a ɗakin jira, wani likitan da ke ganin nasa marar lafiyar a bayan labule. Manhaja ba ta san wace murya ce ta likitanta ba. Duk abin da ya yi kama da magana za ta yi ƙoƙarin rubutawa.

Sai amsa-kuwwa. Ɗakin da ke da tayil a ƙasa, bangon siminti da aka shafe da fenti mai sheƙi, da tagogin gilashi, yana dawo da murya ta shiga makirufo a makare, ta haɗe ƙarshen wata kalma da farkon wata. A tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. Idan aka ji sautin ya yi jela, to makirufon tebur ba zai yi aiki a nan ba.

Fankar sama ta cancanci a ambace ta daban, domin matsalarta iska ce da ke kaɗawa kai tsaye a kan siririyar fatar da ke kama sauti a cikin makirufo, wadda take fitowa a matsayin gurnani. Matsar da kujera rabin mita daga ƙarƙashin fanka yakan magance abin da sayen sabuwar na'ura ba zai magance ba.

Na hannu, na kai, ko na tebur

Makirufon hannu shi ne wanda aka ƙera musamman don wannan aiki. Sanannu a cikinsu su ne SpeechMike na Philips, PowerMic na Nuance, da RecMic da Olympus ya fara ƙerawa. Ana haɗa su ta USB, kuma suna da maɓallai a ƙarƙashin babban yatsa: na fara ɗauka, na tsayawa, na tsallakawa daga wannan gurbi zuwa wancan a cikin fom. A ganinmu wannan maɓalli na fara ɗauka shi ne babban dalilin sayensu a asibitin da ake cuɗa harsuna. Likita yana danna shi ne kawai lokacin da yake shifta. Da ya juya yana tambayar marar lafiya da Hausa ko yaushe zazzaɓin ya fara, sai ya saki, makirufon ya kurumce. In ba haka ba, manhajar Turanci za ta ji Hausar ta ƙaga mata kalmomin Turanci masu kama da ita ta zuba a fayil. Wasu samfuran SpeechMike suna da abin gane motsi da ke kashe makirufon idan an ajiye shi a tebur, suna kuma da ƙwallo ko faifan taɓawa da ke maye gurbin linzamin kwamfuta. Masu karanta hotunan X-ray da na sikanin sun fi kowa amfana da wannan, domin hannu ɗaya yana kan hoto, ɗayan yana kan shifta.

Aibinsu biyu ne. Na farko kuɗi: sabo yana kaiwa ɗaruruwan daloli, kuma da dala ake shigo da shi. Na biyu, tazarar tana hannun likita ne. Da safe yana riƙe da shi santimita 5 daga baki, wajen la'asar hannu ya gaji ya sauka zuwa ƙirji, kurakurai su fara yawa, a ɗora wa manhaja laifi.

Hedifon mai sandar makirufo yana magance wannan, domin duk inda kai ya juya tazarar ba ta canzawa. A ɗaki mai hayaniya babu abin da ya kai shi tsabtar sauti, kuma mai waya daga kamfanoni irin su Jabra, Poly ko EPOS bai kai rabin kuɗin na hannu ba. A zaɓi mai kunne ɗaya, don ɗaya kunnen ya kasance a buɗe ga marar lafiya da ƙararrawar na'urori. Sai dai likitan da ke sa abin sauraron ƙirji ga kowane marar lafiya zai gaji da cirewa da mayarwa, kuma kowace mayarwa tana gusar da sandar daga inda aka saita ta. Akwai kuma batun sutura, wanda takardar kamfani ba ta faɗa. Mai sa hula, maɗaurin da ke bi ta saman kai ba ya zama masa, gara ya nemi mai zagayawa ta ƙeya. Likita mai hijabi ta tabbata sandar ta fito waje sosai, domin gogar yadi a jikin makirufo tana shiga da ƙarfi fiye da murya. Yawancin masu hijabi na hannu ya fi yi musu sauƙi.

Na tebur mai dogon wuya yana da wurinsa: ɗakin gwaje-gwaje inda hannu biyu ke cikin safa ana yanka nama ko ana duba madubin ƙwayoyin cuta, ko ofishin da likita yake shi kaɗai a rufe. A haɗa shi da fedar ƙafa don kunnawa da kashewa, a kuma lanƙwasa wuyan har ya zo santimita 10 zuwa 15 daga baki. A ɗakin ganin marasa lafiya na gama-gari, inda ƙofa ba ta rufuwa minti biyar, kada a saye shi.

Duk wannan ya shafi shifta ne, inda mutum ɗaya ke faɗa kwamfuta na rubutawa. Manhajojin da ke sauraron hirar likita da marar lafiya gaba ɗaya su fitar da taƙaitawa wani aiki ne daban, suna buƙatar makirufo mai ji ta kowane gefe, da yardar marar lafiya. Makirufon da ya dace da ɗaya ba ya dacewa da ɗayan.

Abin da za a karanta a jikin kwali

Rubutun "noise cancelling" ya yaudari masu saye da yawa, domin abu biyu ake kira da wannan suna. Ɗaya yana rage hayaniyar da ke shiga kunnen mai sanye da hedifon, don ya ji daɗin sauraro. Wannan ba ya taimaka wa shifta da komai. Ɗayan shi ne makirufon da aka buɗe wa ƙofa gaba da baya, ta yadda sautin da ya taso daga nesa yake bugun fatarsa ta ɓangarori biyu ya kashe kansa, na kusa kuwa ya wuce. Wannan ake nema. A duba a ga ko maganar a kan makirufon aka yi ta ko a kan kunnen. Irin wannan makirufo yana da sharaɗinsa: idan ya yi nisa da baki, muryar likitan ma sai ya ɗauke ta a matsayin hayaniyar nesa ya rage ta.

Hanyar haɗi ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. USB ya fi jak mai milimita 3.5, saboda makirufon USB yana ɗauke da nasa abin mayar da sauti lambobi, ba ya dogara da katin sautin kwamfuta, wanda a yawancin injinan ofis mai arha ne kuma yana kwasar ƙugin lantarkin da ke cikin akwatin. Wanda yake da hedifon mai jak mai kyau zai iya sayen ɗan adaftan sauti na USB ya sa a tsakani. A lura da zobban da ke jikin jak ɗin: mai zobe uku an yi shi ne don rami ɗaya na wayar hannu ko laftof, kwamfutar tebur mai ramuka biyu tana buƙatar abin rabawa. Wayar USB kuma kada ta wuce mita 5, ciki har da ƙari.

Bluetooth shi ne inda aka fi yin asara. Hedifon ɗin da ke fitar da sauti mai daɗi lokacin sauraro yana sauka zuwa tsarin kiran waya da zarar an buɗe makirufonsa. Tsohon tsarin yana ɗaukar sauti a kilohaz 8, wato yana auna shi sau dubu 8 a daƙiƙa, wanda ke nufin duk abin da ya haura kilohaz 4 an yanke shi. Yawancin ƙarfin sautukan "s" da "f" a can sama yake. Sabon tsarin yana kaiwa kilohaz 16, wanda shi ne abin da yawancin manhajojin gane magana suke aiki da shi, amma sai kwamfutar da hedifon ɗin sun yarda da juna, kuma ba kullum Windows ke nuna wanda aka zaɓa ba. Ga mai jin Hausa wannan ya fi nauyi. Da yawanmu muna furta "p" da "f" na Turanci kusa da juna, to idan makirufo ya ƙara shafe ɗan bambancin da ya rage, manhaja ba ta da abin kamawa. Ƙananan na cikin kunne, irin waɗanda ake yawo da su, makirufonsu yana wajen kunne ne, nesa da baki, kuma suna matse sauti sosai. Ba na shiftar asibiti ba ne.

Wanda dole sai marar waya, kamar mai zagayen gadaje, ya nemi wanda ya zo da nasa ɗan dongul na USB, wato ƙaramin abin karɓar sauti da ake sokawa a kwamfuta, ko nasa mazaunin caji, irin SpeechMike Premium Air ko hedifon mai tsarin DECT, irin na wayoyin ofis marasa igiya. Tsarin DECT ba ya rabon zango da Wi-Fi, alhali Bluetooth yana cunkushe da shi a gigahaz 2.4. Zangon DECT na Amurka ya bambanta da na Turai, saboda haka idan na gwanjo ne kada a haɗa hedifon ɗin wannan da mazaunin wancan. A kuma ajiye mai waya a aljihun tebur, don ranar da batir ya mutu ana tsakiyar aiki.

Maɓallai da manhaja

Makirufon hannu abu biyu ne a jiki ɗaya: sauti da maɓallai. Sautin zai yi aiki da kusan kowace manhaja, maɓallan kuwa sai wadda ta san su. An yi PowerMic ne don manhajojin shifta na Dragon Medical da PowerScribe na Nuance, kamfanin da Microsoft ya kammala saye a 2022. Idan aka sa shi a wata manhajar, ana iya samun sauti amma maɓallan su zama ado. Philips yana da manhajar SpeechControl da ake sa kowane maɓalli ya yi aikin wani harafi na allon rubutu, wanda ya sa SpeechMike ya fi sauƙin haɗawa da tsarin fayil ɗin asibiti da ke buɗewa ta burauza.

Don haka tsarin saye shi ne: a tsayar da manhaja tukuna, a tabbata ana samun lasisinta da tallafinta a Najeriya, a karɓi jerin makirufon da ta amince da su, sannan a tafi kasuwa. Asibitin da likitocinsa ke shiga fayil ta Citrix ko Remote Desktop, wato hanyoyin aiki a kan wata kwamfuta daga nesa, ya tambayi ma'aikacin kwamfutarsa tun kafin saye, domin waɗannan hanyoyi sukan matse sauti kafin ya isa uwar garke, kuma maɓallan ba sa wucewa sai an girka wani ƙarin direba.

Gwaji kafin a biya

A rubuta bayanin ƙage na kalma 200, ba na wani marar lafiya na gaskiya ba. A cusa masa abin da aikin yau da kullum ya ƙunsa: sunayen magungunan da ake rubutawa a wannan asibiti, irin su artemether-lumefantrine, amlodipine da metformin, awo da lambobi masu kama da juna, 13 da 30, 15 da 50, 16 da 60, kalmomi masu ruɗarwa irin "abduction" da "adduction", "dysphagia" da "dysphasia", hagu da dama, da jimloli da dama masu farawa da "no".

Likitan da zai yi amfani da makirufon shi zai karanta, a kujerarsa, da takunkumin da ya saba sawa. Takunkumi yana danne siraran sautuka irin "s" da "f", kuma N95 ya fi na tiyata dannewa, saboda haka gwajin da aka yi baki buɗe ba ya nuna gaskiyar aiki. A karanta sau uku: da wutar NEPA da sassafe, da janareta a kunne da fanka tana juyawa, da kuma lokacin da baranda ta cika. A ƙirga kalmomin da aka musanya, da waɗanda aka tsallake, da waɗanda aka ƙaro. Kuskure 10 a kalma 200 kashi 5 cikin 100 ke nan. Amma kada a tsaya a jimilla. Makirufon da ya yi kuskure 8 a ƙananan kalmomin haɗi ya fi wanda ya yi 4 amma biyu daga ciki a awon magani ne.

A lokaci guda a naɗi sautin da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A yi shiru na daƙiƙa 10, sannan a yi magana. Ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin, kada ta taɓa sifili, domin idan ta taɓa, saman sautin ya yanke kuma ba ya gyaruwa. Tsakanin murya da shirun ɗaki a samu aƙalla desibel 20. Idan an samu 30 an dace. Sai a sa hedifon a saurara.

Wannan sauraro shi ke raba laifin makirufo da na manhaja. Idan kunnen mutum ya ji kowace kalma tas a naɗin amma rubutun ya fito da kurakurai, to matsalar karin harshe ce ko ƙarancin kalmomin likitanci a manhajar, kuma sabon makirufo ba zai canza komai ba. Yawancin manhajojin nan an horar da su ne da muryoyin Amurka da Ingila. Akwai masu aiki kan cike wannan giɓi, kamar kamfanin Intron Health na Najeriya da ke gina manhajar shiftar asibiti don karin harshen Afirka. Ko wace aka zaɓa, a koya mata sunayen da za ta riƙa ji kullum, na mutane irin Hauwa'u da Abdulƙadir, da na unguwanni irin Ojuelegba da Ajegunle, ta hanyar ƙara su a ƙamusunta.

Saiti da riƙo

Sandar hedifon ta tsaya a gefen baki, faɗin yatsu biyu daga kusurwar leɓe. Idan tana gaban baki, iskar "p" da "b" da numfashin hanci za su riƙa bugunta. Fuskar makirufon, wadda galibi aka yi wa ɗigo ko alama, ta kalli baki. Sanda takan murɗe ba a lura ba. Na hannu a riƙe shi santimita 5 zuwa 8, ɗan ƙasa da leɓe, a karkace. Mai yawan sakin hannu ya ɗora gwiwar hannunsa a tebur.

A danna maɓalli, a jira rabin daƙiƙa, sannan a fara. A gama jimla, a jira rabin daƙiƙa, sannan a saki. Mai gaggawar da ke fara magana tare da dannawa yana yanke kalmar farko, kuma a bayanin asibiti kalmar farko sau da yawa "no" ce. "No chest pain" sai ta koma "chest pain", fayil ya faɗi kishiyar abin da likita ya gani. Wannan kuskure ba ya kama ido, domin jimlar da ta rage daidai take a nahawu. Haka kuma kada a bar makirufo a buɗe ana shiru. An san wasu sababbin manhajoji da ƙago jimloli a inda babu wanda ya yi magana.

Idan hayaniya ta ƙaru, a matso da makirufo, kada a ɗaga murya. Ihu yana canza yadda wasula ke fita, kuma yana kai sirrin marar lafiya baranda.

A Windows, a shiga saitin sauti a kashe "audio enhancements" na wannan makirufo, a kashe abin da ke ɗaga sauti da kansa, domin a lokacin shiru yana ɗago ƙarar janareta. Tsarin ɗauka ya kasance bit 16, kilohaz 16 ko sama. A saitin wuta a kashe "USB selective suspend", wanda ke sa makirufo barci ya farka a makare. Sannan a kashe makirufon jikin laftof da na kyamara gaba ɗaya. Dalilin wannan na Legas ne sosai: lokacin da aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareta, makirufon da ke jikin abin rarraba USB mai nasa filogi yakan yanke na daƙiƙa kaɗan, Windows ta koma kan makirufon laftof ba tare da sanarwa ba. Likita ya ci gaba da magana a cikin na hannunsa, kwamfuta tana ji daga rabin mita. A soka makirufo kai tsaye a jikin kwamfuta, a rami ɗaya kullum, kwamfutar tebur kuma a sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta.

Idan ana jin ƙugi mai ɗorewa a naɗi, a zare cajar laftof a sake saurara. In ya ɓace, to daga lantarki yake: wutarmu tana juyawa a haz 50, kuma soket marar wayar ƙasa, caja ta jabu, ko inbata mai arha suna shigar da wannan ƙugi cikin sauti. Magani shi ne caja ta asali mai ƙafa uku da soket ɗin da mai gyaran wuta ya tabbatar da wayar ƙasarsa. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don a kashe ƙugi. A asibiti wannan haɗari ne ga rai.

Tsabta, laima da kasuwa

Makirufo yana shan numfashi da feshin yawu duk yini, hannun da ya taɓa marar lafiya kuma shi ke riƙe shi. A goge jikinsa da ƙyalle mai ɗan damshin sifirit na kashi 70 a ƙarshen kowane zama, da duk lokacin da zai canza hannu. Kada a fesa masa komai kai tsaye, domin ruwa yana bi ta ragar ya lalata fatar ciki, kuma ruwan bilic yana cin ƙarfe da roba. Soson da ke kan sandar hedifon ba ya goguwa. Kowane likita ya riƙe nasa, a sayi fakitin canji tun ranar farko, a canza da ya fara tauri ko wari. Soso mai datti yana danne siraran sautuka kamar yadda takunkumi ke yi. Rubutun da ke cewa jikin na'ura yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa ba ya ɗauke wajibcin gogewa.

Laimar Legas da iskar gishiri, musamman a Lekki, Victoria Island da Apapa, suna sa bakin USB da ƙafafun caji tsatsa. Wanda ba a amfani da shi a ajiye shi a roba mai murfi tare da ƙunshin silika. Marar waya kada a bar shi a mota cikin rana, zafi yana kashe batirin lithium.

A Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba ana samun na asali, ana samun jabu, ana samun tokunbo, wani lokaci a shago ɗaya. A je da laftof da Audacity a kai. A soka, a ga sunan da Windows ta ba na'urar. Idan kwali ya ce wani babban kamfani amma allo ya nuna sunan gama-gari na na'urar sauti, a ajiye. A duba lambar jikin na'ura ta yi daidai da ta kwali. Na tokunbo a danna kowane maɓalli sau da yawa, a lanƙwasa wayar a wuyanta ana naɗi ana saurara, domin a nan take fara karyewa daga ciki, ta riƙa ƙas-ƙas. Tsohon marar waya a ɗauka batirinsa ya gaji, a cire kuɗin canji daga farashi. A karɓi rasit mai lambar na'urar, da yarjejeniyar dawowa a rubuce ta 'yan kwanaki, domin gwajin gaskiya sai a ɗakin asibiti. Asibitin da zai saya wa likitoci goma ya fara da guda biyu iri daban-daban, a yi mako biyu ana aiki da su, sannan a yi odar sauran tare da ƙarin ɗaya na ajiya.

Wayar hannu ma tana iya zama makirufo, ta manhaja irin PowerMic Mobile, kuma makirufon wayoyin zamani ba shi da laifi idan an riƙe shi kusa. Matsalarta kira da ke katse shifta, da hanyar sadarwa da ke yankewa a tsakiyar gini. Manhajar da ke aiki ta intanet, ko da wane makirufo, takan zubar da kalmomi ko ta makara idan layi ya yi rauni, don haka idan ana ganin giɓi a rubutu alhali naɗin da aka yi a kwamfuta yana da kyau, a duba intanet kafin a taɓa makirufo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta riƙe sirrin marar lafiya. Muryar likita tana faɗin suna da cuta tana cikin wannan. Kada a naɗi shifta a saƙon murya na WhatsApp a tura wa sakatare, kuma kafin a sa hannu da kamfanin manhaja a tambaye shi a rubuce inda ake ajiye sautin, tsawon lokacin da yake zama, da wanda ke da ikon saurarensa.